Takardar zaɓen sakandare: gurbin da iyayen zango ba sa dubawa

Kowace shekara yara sama da 500,000 ne ke rubuta BECE, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, a Ghana, kuma kowannensu sai ya cike takardar zaɓen makarantun sakandaren da yake so a tura shi. Tun 2005 kwamfuta ke yin wannan rabo, a tsarin da ake kira CSSPS. A jikin takardar, gaban sunan kowace makaranta akwai ƙananan gurabe biyu: ɗaya na kwana ko jeka-ka-dawo, ɗaya na fannin da yaro zai karanta. A zangunan Kumasi, daga Aboabo zuwa Asawase, Sawaba da Tafo, gardamar gida duk a kan sunan makaranta take ƙarewa. Uba na son Prempeh ko Opoku Ware, uwa na son Yaa Asantewaa ko St. Louis, kawu ya ce a bar yaro a Islamic ta Abrepo ko Sakafia inda ba mai hana shi salla. Gurbin fanni kuwa, ɗan shekara 14 ko 15 ake bar wa. Ko dai ya leƙa takardar abokinsa ya kwafa, ko malamin aji ya cike masa a gurguje don ana jiran takardun a ofis.

Ni a ganina mun ɗauki abin a baibai. Sunan makaranta yana da tasirinsa, ban musa ba. Wadda ke da ɗakin gwaje-gwaje da gogaggun malamai ta fi wadda ba ta da su, kuma tsofaffin ɗaliban manyan makarantun nan suna jan juna har a wuraren aiki. Amma ranar da yaro zai sayi fom ɗin jami'a bayan shekara uku, ba mai tambayarsa launin rigar makarantarsa. Darussan da ya rubuta za a duba, da abin da ya ci a kowanne. Darussan nan kuwa, wancan ƙaramin gurbin ne ya zaɓa masa su.

Fannonin da aka saba da su a sakandaren ƙasar nan bakwai ne: kimiyya, adabi da zamantakewa wanda takardar ke kira General Arts, kasuwanci, tattalin gida, zane-zane, noma, da fasahar ƙere-ƙere. Ɗalibi yana yin darussan dole, wato Turanci, lissafi, kimiyya ta bai-ɗaya da ilimin zamantakewa, sannan ya ɗora darussan zaɓi daga cikin fanninsa, galibi guda huɗu. A ƙarshen aji uku ya rubuta WASSCE, jarrabawar kammala sakandare, a ba shi sakamako daga A1 zuwa F9. Jami'a sai ta tsamo darussa shida, uku na dole da uku na zaɓi, ta tara lambobinsu. A1 tana ɗaukar 1, B2 tana ɗaukar 2, haka har zuwa C6. A nan ƙarancin jimilla shi ne kyawunta. Mai 6 ya kai ƙololuwa, 36 kuma ita ce iyakar da ƙa'ida ta yarda a nemi digiri da ita, ko da yake a aikace jami'ar KNUST ta Kumasi da Jami'ar Ghana ta Legon suna rufe ƙofar kwasa-kwasan da ake rububi tun kafin a kusanci wannan lamba.

Akwai kuma sharaɗin da ke karya gwiwar gidaje da yawa. Kowane ɗaya daga cikin darussan shida dole ya kai C6 ko ya fi. A ɗauki yarinyar da ta ci B3 a Turanci, C4 a kimiyya, A1 da B2 da B2 a darussan zaɓi, amma ta sami D7 a lissafi. Jimillarta 19, wadda a ido ba ta da laifi. Duk da haka ba za a ba ta gurbin digiri ba, ba za a ɗauke ta a kwalejin horon malamai ba, haka karatun difloma a makarantar koyon aikin jinya. Ga kuma wani da ya jera C6 shida reras, jimillarsa 36, shi ƙa'ida ta yarda ya nema. Abin da ke rikita iyaye shi ne D7 ba faɗuwa ba ce a wurin hukumar WAEC, F9 ce faɗuwa. Uba ya karɓi takarda ya ga babu F9 ko ɗaya, ya yi hamdala, a dafa abinci a raba wa maƙwabta. Sai an je cike fom a gane cewa da sauran rina a kaba.

Daga nan sai a faɗa zagayen Nobdek, jarrabawar masu zaman kansu da ake yi wajen ƙarshen shekara. A biya kuɗin rajista, a biya kuɗin darasin gyara, a jira sakamako. Wani ya haye a karo ɗaya, wani ya maimaita har ya gaji ya kama tuƙa faragiya, wato keken haya mai ƙafa uku, yarinya kuma a fara maganar aurenta tun tana jiran sakamako. Ba rashin ƙwaƙwalwa ba ne ke jawo mana yawan wannan matsala. Ɗan zango a Kumasi da Hausa yake tashi, ya tsinci Asante Twi a titi da kasuwa, Turanci ya zo masa na uku, kuma a aji kaɗai yake jinsa. Hausa ba ta cikin harsunan gida da ake jarrabawa a kansu a makarantun gwamnati, don haka ko a darasin harshen gida ma, na maƙwabta yake rubutawa. Lissafin WASSCE kuwa rabinsa fahimtar Turancin tambaya ne. Wanda duk ke da ɗan abin da zai kashe a kan ƙarin darasi, ya zuba shi a kan Turanci da lissafi tun daga aji ɗaya. Jira har wata uku kafin jarrabawa, lokacin da kowa ke neman malamin gyara ido rufe, ɓarnar kuɗi ce.

Sai batun da na fi son iyaye su tsaya a kansa, wato lissafin zaɓi, wanda yara ke kira I-Mas. Darasi ne daban da lissafin dole, ya fi shi zurfi, kuma shi ne mabuɗin ɗakuna da yawa a jami'a. Injiniyanci a KNUST yana buƙatarsa tare da fizik da kemistiri. Zanen gine-gine, ƙididdiga, lissafin inshora da kwasa-kwasan kimiyyar kwamfuta duk suna nemansa. Abin lura shi ne ba 'yan kimiyya kaɗai ke iya ɗaukarsa ba. Ɗan kasuwanci yana iya haɗa shi da akanta da tattalin arziki, haka ɗan General Arts.

General Arts ɗin nan suna ɗaya ne a takarda, amma a cikin makaranta azuzuwa ne daban-daban. Wani aji yana yin tattalin arziki, labarin ƙasa, ilimin gwamnati da lissafin zaɓi. Wani yana yin adabin Turanci, tarihi, ilimin addini da Faransanci ko Twi. Yara biyu za su fito makaranta ɗaya, fanni ɗaya, amma kwasa-kwasan da ke buɗe wa na farko sun ninka na na biyun. Kuma a makon farko ake wannan rabon azuzuwa. A ranar kai yaro, hankalinmu yana kan akwatin ƙarfe, da akwatin katako mai gari da shito da sukari, da katifa da bokiti da tsintsiya. Hajiya ta ƙirga kaya, ta damƙa wa yaro kuɗin kashewa, ta ce "ka riƙe salla, ka ji ko", Alhaji ya gaisa da malamin ɗakin kwana, a hau mota a dawo. Ba wanda ya taka zuwa ofishin mataimakin shugaban makaranta mai kula da karatu ya tambayi ajin da aka sa yaron da darussan da ke cikinsa. Yaro kuma, da ya ji manyan ɗalibai sun ce I-Mas kashe mutum yake yi, sai ya lallaɓa ajin da babu shi.

Ba ina cewa kowa ya ɗauki lissafin zaɓi ba ne. Wanda ke fama da na dole, ƙara masa wannan zalunci ne. Amma a guje masa da sani, bayan an zauna an duba abin da za a rasa.

Kimiyya ita ce fannin alfahari. Gasar kimiyya da lissafi ta ƙasa, wadda ake yi tun 1993 kuma Prempeh ta sha ɗaukar kofinta, ta ƙara wa abin armashi, har ta kai duk gidan da ke da yaro mai ɗan ƙoƙari likita ake kiransa tun yana firamare. Gaskiya ne kimiyya ta fi kowane fanni faɗin hanya: ɗan kimiyya yana iya tsallakawa ya karanta lauya ko kasuwanci a jami'a, amma ɗan adabi ba shi da hanyar tsallakowa likitanci. Saboda haka yaron da lissafi da kimiyya ke yi masa daɗi, kuma sakamakon jarrabawar gwaji ya nuna haka, gara ya yi kimiyya a makaranta mai matsakaicin suna da ya yi wani fannin da bai dame shi ba a babbar makaranta don kawai a ce can yake. Wannan ciniki ne da gidaje da yawa ke yi ba tare da sun san sun yi shi ba. A ɗaya gefen kuma, tura yaro kimiyya don burin uba yana da tsada. Gurbin likitanci a KNUST na masu jimilla 6 ne ko dab da haka. Yaron da zai iya kwaso B2 da B3 a kasuwanci sai ya fito da D7 a fizik da F9 a kemistiri, ya tashi a tutar babu. Ko ga wanda ya iya ɗin ma, ya kamata ya san aikin lafiya bai tsaya a kan likita ba. Akwai harhaɗa magunguna, gwajin jini, duba lafiyar ido, da mataimakan likita, kuma duk ana karanta su a ƙasar nan.

Yadda kwamfutar ke rabo ma yana da alaƙa da fanni. An kasa makarantu rukuni-rukuni, kuma ba a yarda yaro ya zaɓi fiye da ɗaya daga rukunin A ba. Yawan makarantun da ake zaɓa yakan canja daga shekara zuwa shekara, amma ana sa shi ya haɗa da ta jeka-ka-dawo a kusa da gida. Ana duba abin da ya ci a darussa huɗu na dole da biyu mafi kyau daga sauran, sannan a gwada shi da waɗanda suka nemi makaranta ɗaya, fanni ɗaya, da irin zama ɗaya da shi. Ke nan neman kimiyya da kwana a Opoku Ware wata gasa ce daban da neman wani fanni a matsayin jeka-ka-dawo a makarantar. Idan bai kai ba a zaɓin farko, a gangara na biyu. An kuma ware kashi 30 cikin 100 na guraben manyan makarantu ga yaran da suka fito daga makarantun gwamnati, abin da ya shafi yawancin 'ya'yanmu, kuma da yawa ba su sani ba. Wanda ya cika takardarsa da makarantun da suka fi ƙarfin makinsa yakan wayi gari ba a tura shi ko'ina ba. Sai ka ga uwa da ɗanta a shagon intanet, ana ta latsa shafin zaɓar wa kai makaranta, ana karanto musu ragowar gurabe, wasu a garuruwan da ba su taɓa jin sunansu ba, a fannin da ba su taɓa tunani ba. A irin wannan rana ce masu cewa "kawo kaza in gyara maka" ke cin kasuwarsu, alhali ma'aikatar ilimi kan nanata cewa rabon kyauta ne.

'Yan mata kuwa, tattalin gida ake yawan tura su, da tunanin cewa girki da ɗinki ne, ba wahala. Fannin ya wuce haka, kuma makarantun koyon jinya da ungozoma, irin wadda ke jikin asibitin Komfo Anokye, suna karɓar 'yan wannan fanni kamar yadda suke karɓar 'yan kimiyya, noma da General Arts. Mai wannan buri ta nemi ajin da ke da bayoloji a cikin darussan zaɓi, zai yi mata amfani in ta shiga. Sai dai a faɗa mata gaskiya tun da wuri: gama karatun jinya ba ya nufin albashi a wata mai zuwa. Waɗanda suka gama kan yi shekaru suna jiran gwamnati ta tura su aiki. Koyarwa ma ta canja. Tun 2018 kwalejojin horon malamai, irin Wesley College da ke nan Kumasi, digiri na shekara huɗu suke bayarwa, kuma sai da lasisi ake shiga aji.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda muke raina makarantun fasaha, mu da muke zaune a garin da Suame Magazine, babbar unguwar makanikai da maƙera, take. Zango cike yake da makanikai, masu walda, masu haɗa wutar lantarki, kafintoci da teloli waɗanda hannunsu ya faɗa. Abin da yawancinsu suka rasa takarda ce. Idan babbar kwangila ta fito, mai satifiket ne ke karɓa, ya dawo ya ɗauki mai aikin na gaskiya a kan ladan yini. Yaron da ya shiga Kumasi Technical Institute ko wata irinta yana cikin tsarin karatu kyauta kamar kowa, yana fita da sana'a da takarda, kuma hanyarsa ba ta toshe ba. A 2016 aka fara mayar da kwalejojin kimiyya da fasaha jami'o'i, ciki har da ta Kumasi, inda ake yin babbar difloma ta HND da digirin fasaha. A 2020 aka kafa jami'ar AAMUSTED, mai babban harabarta a Tanoso, musamman don horar da masu koyar da sana'o'i. Ga wanda D7 ta tare wa hanya ma, HND takan sassauta a inda digiri ba ya sassautawa. Abin da zan ƙara kawai shi ne uba ya je da ƙafarsa ya ga ɗakin aikin makarantar kafin ya sa hannu, don akwai inda ake koyar da walda a kan allo.

Akwai wata hanya da ta keɓanta da mu, ta Larabci. Tun 1987 aka kafa sashen ilimin Musulunci a ƙarƙashin hukumar ilimi ta ƙasa, wanda ya shigo da makarantunmu da yawa cikin tsarin gwamnati. Daga 2024 Larabci ya shiga jarrabawar BECE, kuma ana iya ɗaukarsa tare da ilimin addinin Musulunci a WASSCE a makarantun da ke koyar da su. Duk unguwa ta san malamin da ya tafi Madina ko Azhar ya dawo da ilimi mai zurfi, amma aikin gwamnati ya gagare shi don ba shi da takardar sakandaren Ghana mai Turanci da lissafi, sai ya koma dogaro da abin da iyayen yara suka kawo. Yaron da zuciyarsa ke wajen karatun addini a ƙarfafa masa, amma ya riƙe WASSCE ɗinsa da kyau kafin ya tafi. Ko kwalejin Al-Faruq ta horon malamai da ke Wenchi, wadda ta Musulmi ce, C6 shida ɗin nan take nema.

Zancen kwana ko jeka-ka-dawo ba zan ja shi ba, kowane gida ya san halinsa. Fargabar iyaye game da addini a makarantun mishan ba ƙirƙira ba ce. A 2021 ƙasa ta ɗauki zafi kan hana wata ɗaliba Musulma azumin Ramadan a Wesley Girls ta Cape Coast. Jeka-ka-dawo kuma yana da nasa harajin: kuɗin mota kullum, cunkoson hanya, aike, tsaron shago a Kejetia ko Alabar, da ɗakin da mutum shida ke kwana ba teburin karatu. Wanda ya zaɓi wannan don kare tarbiyya, to ya kare wa yaron lokacin karatunsa ma.

Karatun sakandare kyauta, wanda aka fara a Satumban 2017, ya buɗe ƙofa ga gidajen da a da BECE ce ƙarshen karatunsu. Yawan ɗalibai ya tashi daga wajen 800,000 ya haura miliyan 1, har aka shigo da tsarin karatu bi-da-bi a 2018 don azuzuwa sun yi kaɗan. Ma'anar wannan ita ce takardar sakandare ita kaɗai ta rage daraja, tunda kusan kowa na da ita, kuma gasar ta koma ƙofar gaba. A can ma an ɗan sassauta: a 2025 gwamnati ta fara ɗauke kuɗin karatun shekarar farko a manyan makarantunta, ga asusun ba ɗalibai rance, ga kuma hanyar shiga jami'a ta manya ga wanda ya kai shekara 25. Amma duk waɗannan sai wanda ya cika sharaɗin shiga suke amfana.

Daga shekarar karatu ta 2024/2025 an fara aiki da sabuwar manhajar sakandare, wadda ke ba ɗalibi ƙarin damar haɗa darussa daga fannoni daban-daban. Dama ce mai kyau, amma tana ƙara nauyin zaɓi a kan yaro, kuma makaranta ba za ta ba shi darasin da ba ta da malaminsa ba. Don haka daga ƙarshe ya kamata a faro lissafin. A zaunar da yaro ya ambaci sana'o'i biyu ko uku da yake sha'awa. A sa yayansa ko wani ɗalibin jami'a a unguwa ya buɗe shafin KNUST, ko na jami'ar fasaha, ko na makarantun jinya, ya karanto darussan da kowane kwas ke nema, tunda suna wallafa su duk shekara. Sannan a nemi fannin da ke ɗauke da darussan, sai a ƙarshe a nemi makarantun da ke koyar da shi kuma makin yaron zai iya kaiwa. Ƙungiyoyin matasan zango da limamai za su iya tara iyayen 'yan aji uku na ƙaramar sakandare a yi wannan zama a farfajiyar masallaci kafin a mayar da takardu, ba sai an jira wani daga waje ba.

Idan kuma an riga an yi kuskure, canja fanni ko aji yana yiwuwa a makonnin farko na aji ɗaya, in akwai gurbi kuma shugaban makaranta ya amince. Uba ko uwa su je da kansu, da sakamakon BECE a hannu, kada a aiki yaro shi kaɗai. Da zarar zangon farko ya wuce abin ya yi wuya, don an yi nisa a darussa, in kuwa aka yi wa ɗalibi rajistar WASSCE, darussan da ke kan rajistar su zai rubuta.